Tsakanin Tashi da Tasowa

Idan jaridar Turanci ta rubuta cewa wata sabuwar kasuwa ta yi “take off”, albishir take yi: ciniki ya buɗe, rumfuna sun cika, abu ya kankama. Ɗauki wannan jimla ka kai ta Kademi ko Ajingi a jihar Kano, ka faɗa wa dillalin hatsi ita da kalmar da muke faɗin tashin jirgin sama, ka ce masa kasuwa ta tashi. Zai ɗaga kai ya duba rana ko la'asar ta yi sakaliya, domin a wurinsa kasuwar da ta tashi ita ce wadda aka naɗe tabarmi, aka ɗinke bakin buhuna, masu amalanke suka fara kwashe abin da ya yi kwantai. In kuwa da rana tsaka ce, sai ya tambaye ka ko lafiya, me ya tashe ta. A Hausa kasuwar da ke raye ci take yi. Ranar da ta tashi, ta ƙare ke nan, ko na yinin, ko na har abada.

Kalma ɗaya a bakin Bature tana nufin bunƙasa, takwararta a bakin Bahaushe tana nufin watsewa, alhali duka biyun daga hoto guda suka fito, hoton abin da ya rabu da ƙasa. Wannan saɓani ya daɗe yana jan hankalina, kuma ina ganin akwai abin da ya fi nahawu a cikinsa.

Turawa suna da ɗabi'ar ɗaukar gajeren aikatau su maƙala masa wata 'yar kalma mai nuna wuri ko alƙibla, sai ma'ana ta juya. Masu nahawunsu suna kiran irin wannan haɗi “phrasal verb”, sunan da Logan Pearsall Smith ya yaɗa a littafinsa na 1925 a kan kalmomi da salon magana, ya kuma ce daga wurin Henry Bradley ya samo shi, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamusun Oxford. Abin kansa ya girmi sunan nesa ba kusa ba. Samuel Johnson, a gabatarwar ƙamusunsa na 1755, ya ambaci waɗannan haɗe-haɗe a matsayin abin da ya fi wahalar da baƙo mai koyon harshen, ya jero misalai, kuma “take off” na cikinsu. Ma'anar da ya ba shi a can ita ce kwafar abu. Ba a yi jirgin sama ba a lokacin, saura kusan shekara 150 'yan'uwan nan biyu masu suna Wright su ɗaga nasu daga ƙasa a 1903. Shi kansa “take” ba ɗan gida ba ne a Turanci. Daga bakin mutanen Sikandinabiya ya shigo, waɗanda suka mamaye arewaci da gabashin Ingila tun daga ƙarni na 9, ya zauna har ya ture tsohuwar kalmar da Ingilishi ke amfani da ita wajen ɗauka. Ita kuwa “off” asalinta ɗaya da “of”, daga baya rubutu da lafazi suka raba su, ta riƙe ma'anar rabuwa da abin da ake manne da shi.

Wannan rabuwa ita ce zaren da ya ɗinke ma'anonin duka. Bature kan faɗi “take off” idan ya raba riga da jiki, ko ya rage wani abu daga farashi, ko ya ware kwana biyu daga aiki don ya huta, ko jirgi ya rabu da titinsa, ko ɓarawo ya ranta a na kare, ko sana'a ta haɓaka farat ɗaya. A Ingila har yanzu ana faɗinsa ga mai kwaikwayon muryar wani ko tafiyarsa don ban dariya, wanda shi ne jikan waccan ma'ana ta Johnson. Akwai kuma wata ƙa'ida mai sauƙi da ke raba su gida biyu. Idan aikatau ɗin so-karɓau ne, akwai abin da ake cirewa, kuma 'yar kalmar tana iya matsawa ta ba karɓau wuri a tsakiya. Idan ƙi-karɓau ne, to mai aikin ne da kansa ya rabu da inda yake: jirgin, ɓarawon, sana'ar.

A gida na farko Hausa ba ta yarda da kalma ɗaya ba. Hula cire ta ake yi, riga a tuɓe, zobe a zare, ɗamara a kwance, kaya a sauke daga kan jaki, rawani a warware. Kowace kalma tana ɗauke da motsin hannun da ya yi aikin, har kana iya ganin yatsu a cikin “zare”. Wadda ta fi nauyi a cikinsu ita ce tuɓe, domin ta wuce tufafi ta shiga fada. Tunda sarauta a ƙasar Hausa naɗa ta ake yi, da ƙyalle na zahiri a kan mutum na zahiri, raba shi da ita dole ya zama tuɓewa. Turanci ba ya faɗin “take off” ga sarki, wata kalma daban yake nemowa, saboda a tunaninsa mulki kujera ce da ake sauko da mutum daga kanta.

Mutanen Gaya sun ji waɗannan kalmomi a kunnensu fiye da yawancin jama'a. A 1981 gwamnatin Kano ta Abubakar Rimi ta ɗaga darajar sarautar Gaya tare da wasu, a 1983 gwamnatin Sabo Bakin Zuwo ta soke. A watan Mayun 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa masarautun Bichi da Gaya da Ƙaraye da Rano, Alhaji Ibrahim Abdulkadir ya zama sarkin yanka a Gaya, ya rasu a 2021, ɗansa Aliyu ya gaje shi. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun, sannan a Yulin wannan shekara aka maido da ta Gaya a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. A kowane zagaye, in ka kasa kunne a majalisar ƙofar gida ko teburin mai shayi, kalmar da mutum ya zaɓa kan gaya maka inda zuciyarsa take tun kafin ya kai ƙarshen zance. Wanda ya ce an sauke, yana sassautawa ne, domin abin da aka sauke ana iya sake ɗora shi. Wanda ya ce an rushe, ginin yake kallo, bai ambaci mutum ba. Wanda ya ce an tuɓe kuwa ya taɓa mutunci, saboda inuwar tsiraici ba ta barin wannan kalma ko da a kan rawani aka faɗe ta. Dattawa da yawa sukan kauce mata don kunya, ko da suna goyon bayan abin da aka yi, kuma ina ganin girmansu a wannan kaucewa.

Gida na biyu shi ne na tashi, kuma a nan Hausa ce ta tara ma'anoni a kalma ɗaya har ta fi Turancin. Mutum kan tashi daga barci, ya tashi tsaye, ya tashi daga wani gida ya koma wani. Yaro kan ce a Gaya ya tashi, yana nufin a can ya girma, shi ya sa muke kiran samari da 'yan mata matasa. Mota takan ƙi tashi da sanyin safiya, ƙullun waina ya tashi, farashin taki ya yi tashin gwauron zabo. A tashi daga makaranta, a tashi wasa ɗaya da ɗaya, a tashi taro baram-baram. Mai shago ya lissafa kaya ka tambaye shi nawa ya tashi. Uwa ta ce wa ɗanta, in ka tashi zuwa ka biyo ta gidan kawunka, a nan kuwa kalmar ba ta ɗaga kowa daga ko'ina ba, niyya kawai take nunawa. Zuciya takan tashi, hankali ya tashi, gobara ta tashi, a ƙarshe alƙiyama ta tashi. Da jirgin sama ya fara sauka a Kano a watan Nuwamban 1925, Hausa ba ta sha wahalar nema masa aikatau ba, ta ba shi na tsuntsu. Har gobe idan lokacin aikin Hajji ya zo, tambayar da ke yawo a gidajen maniyyata daga Gaya zuwa Ajingi ita ce, sun tashi kuwa?

In ka dubi jerin nan da kyau za ka ga rabinsa farawa ne, rabinsa ƙarewa. Tashin mota farkon tafiya ne, tashin makaranta ƙarshen karatu. Dalilin, a ganina, shi ne Bahaushe idan ya ce tashi, idonsa yakan tsaya a kan wurin da aka bari. Bature da ya ce kasuwa ta yi “take off” yana bin jirgin da kallo zuwa sama. Bahaushe yana kallon tabarmar da aka tashi daga kanta. Shi ya sa “gari ya tashi” ke cikin jimloli mafi ɗaci a harshen nan: kufai, rijiyar da ta cike, kukar da ta rage ita kaɗai a inda da ake hira.

Amma Hausa tana da hanyar juya ido, kuma a nan ne take yin abin da Turanci ke yi da 'yan ƙananan kalmominsa. Ba ta maƙala wata kalma a gefe, wasalin ƙarshe da karin sauti take sauyawa. Tashi ya zama taso, sai tafiyar ta fuskanto mai magana. Hadari ya taso, yaro ya taso, baƙi sun taso tun asuba. Sauya wasalin nan kamar jan linzami ne, doki ɗaya, alƙibla daban. F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Landan, shi ya tsara wannan a 1960 ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, tsarin da ɗaliban Hausa a Jami'ar Bayero da sauran wurare ke kira giredi har yau. Aji na shida shi ne mai ƙarewa da “o”, mai jawo aiki zuwa nan. Na huɗu mai ƙarewa da “e” yakan ƙarasa aiki ko ya kawar da abu. Na biyar mai “ar” yakan tura aikin can nesa da mai yi. Dubi zuba: zubo, zube, zubar, zubu. Dubi saya: sayo, saye, sayar. Dubi ɗauka, wanda shi ne takwaran “take” na kai tsaye: ɗauko ya kawo maka, ɗauke ya raba ka da shi. In ana neman ginin Hausa da ya fi kusa da “take off” gaɓa da gaɓa, ɗauke ne, kuma shi ma ya yi rassa. An ɗauke wuta, numfashi ya ɗauke, ƙafa ta ɗauke a titi bayan isha'i, ruwa ya ɗauke. Manomin Ajingi da dawarsa ba ta gama ƙosawa ba a ƙarshen Satumba ya san nauyin wannan ta ƙarshen fiye da duk wani mai nahawu.

Tarihin Gaya kansa yana rataye a kan wannan wasali. Riwayar da aka daɗe ana kawowa ta ce maƙera ne daga Gaya suka bi sawun tama har Dutsen Dala, shugabansu wani mai suna Kano, kuma zuriyarsu ake kira Abagayawa. Binciken masu tonon tarihi ya nuna ana narka ƙarfe a Dala tun wajen ƙarni na 7. Idan aka ba da labarin nan a birni, cewa ake yi sun taso daga Gaya, sun zo, sun kafa gari. Mai maganar yana tsaye a gindin Dala, tafiyar tana nufo shi, kuma ƙarshenta alheri ne. Mutumin Gaya da zai faɗi labarin daga inda yake, dole ya ce sun tashi. Alfahari ne a gare shi cewa daga garinsu tushen Kano ya fito, kuma yana da haƙƙin wannan alfahari, amma aikatau ɗin da harshe ya ba shi na rakiya ne, na wanda ya tsaya a bakin gari yana kallon ƙeyar masu tafiya da zuga-zugansu. Kusan duk tarihin da muka karanta da “o” aka rubuta shi, daga wurin da aka isa. Ban ga laifin birni a kan haka ba, kowa daga inda yake tsaye yake magana. Ina dai so a riƙa tunawa cewa kowane taso yana da tashinsa a wani wuri.

Wannan ne ya sa raina ke sosuwa idan na ga yadda ake koya wa yaranmu waɗannan aikatau na Turanci. A rubuta jeri a allo, kowanne da ma'anarsa a gefe, a ce a haddace saboda jarrabawar WAEC da NECO, yaro ya tafi gida yana ganin Turanci wani harshe ne marar kan gado da ba ya bin hankali. Alhali yaron nan tun yana shekara huɗu yake bambanta shiga da shigo, fita da fito, ci da cinye, sha da shanye, ba tare da ya taɓa kuskure ba. Abin da “up” ke yi a “eat up” shi ne abin da ke faruwa tsakanin ci da cinye. Abin da “away” ke yi a “throw away” shi ne ke tsakanin jefa da jefar. Malamin da zai fara daga nan, ya nuna wa ɗalibi cewa dabarar tana bakinsa tuntuni, wurin ajiye ta ne kawai ya bambanta, ya rage masa rabin wahala, ya kuma bar masa mutuncin harshensa. Za a sami ragowar da ba ta bin wannan hanya, sai hadda, kamar yadda Bature mai koyon Hausa sai ya haddace cewa “nawa ya tashi” tambayar jimillar kuɗi ce. Ragowar ba ta kai yawan da ake tsorata yara da shi ba.

Akwai ma'ana ɗaya ta “take off” da ta fi sauran shiga rayuwarmu, ko da ba mu jin Turanci. A 1960, shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, wani masanin tattalin arziki na Amurka, Walt Rostow, ya fitar da littafi a kan matakan bunƙasar ƙasashe. Ya kasa su biyar, ya kira na uku “take-off”: lokacin da ƙasa ke ɗaga jarin da take zubawa daga kashi 5 cikin ɗari na abin da take samu zuwa sama da kashi 10, sai ta ɗaga kamar jirgi, ci gabanta ya riƙa ciyar da kansa. Kalmar ta kama bakin masu tsara ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka, kuma ina kyautata zaton ta wannan ƙofa ta samu gindin zama a Turancin ofisoshinmu. Sai dai a nan ta sauya. A Ingila abu kan fara, ya yi ta rarrafe, sannan wata rana a ce ya yi “take off”. A Nijeriya ranar farawar ita ce “take off”. Akwai kuɗin “take off” da ake ware wa sabuwar makaranta, akwai matsugunin “take off” da take fakewa kafin ta yi nata ginin. Kalmar da aka ƙera don shawagi a sama ta zama sunan ranar yanka kirtani.

Hausa ba ta da wannan gaggawa. Tana da aza harsashi, da ƙaddamarwa, da buɗewa, da fara aiki, da kankama, da kafuwa, da bunƙasa, kuma kowane mai sauraro ya san tazarar da ke tsakaninsu. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda 'ya'yan Gaya da Ajingi da yawa ke karatu a cikinta, an buɗe ta a 2001, kuma babu Bahaushen da zai ce a wannan shekarar ta kafu. Kafuwa sai an yaye ɗalibai, an ga sun kama aiki, iyaye sun fara turo ƙannensu. Yabon da harshen nan ke yi wa abin da ya yi nasara yawanci na zama ne: ya kafu, ya zauna da gindinsa, ya yi saiwa, gari ya zaunu. Lafiyar al'umma zaman lafiya muke kiranta, kishiyarta kuwa tashin hankali. Ba ina cewa Bahaushe ya ƙi motsi ba ne. Shi ne ya raina zaman kashe wando, ya yabi wanda ya tashi tsaye, ya kira neman halali faɗi-tashi. Amma tashin da yake yabo na mutum ne a kan ƙafarsa, don gida ya zaunu. Idan wuri ne ya tashi, ko jama'a, ko hankali, to ba labari mai daɗi ba ne.

Kowace shekara bayan an gama girbin gero da wake da gyaɗa, samari kan cika motoci a kan hanyar da ta ratsa Gaya ta bi ta Wudil zuwa Kano, wasu su tsaya a birni, wasu su zarce Abuja ko Legas ko Fatakwal cin rani. Ci-rani tsohuwar al'ada ce, kuma sharaɗinta yana cikin sunanta: rani za a ci a dawo kafin shuka. Abin da ke damuna shi ne waɗanda damina ke sauka ba su dawo ba, shekara ta bi shekara, gona ta koma hannun tsoho da ƙananan yara. A lissafin masu auna bunƙasar birane, waɗannan samari sun taso, sun ƙara hannu a gine-gine da kasuwanni, kuma gaskiya ne kuɗin da suke aikowa yana riƙe gidaje da yawa. A ƙauyukansu kamar Gafasa ko Balare ko Shagogo kuwa tashi suka yi. Ma'aunin da ke ƙirga na farko ya manta da na biyu bai cika ba, kuma harshen da mutanen wurin ke magana da shi ya riga ya tanadi kalmomin faɗin duka biyun.

Don haka nauyin da ke kan mai fassara labarai a gidajen rediyon Kano ya fi yadda ake zato. Sanarwa za ta iso teburinsa da Turanci, tana cewa wani asibiti a ƙauyukan Ajingi zai yi “take off” wata mai zuwa. Ba zai ce zai tashi ba, wannan kam kowa ya sani. Amma in ya ce zai fara aiki, alhali harsashi za a aza, ya faɗi abin da sanarwar ba ta faɗa ba, in kuma ya ce za a ƙaddamar, ya bar mai sauraro cikin duhu. Turancin ya ba marubucin sanarwar mafaka, Hausar ba ta ba mai fassara irinta ba, sai ya ɗaga waya ya tambaya: gini za a fara, ko likita zai zauna ya duba marasa lafiya? Ya kamata ya yi wannan tambaya kowane lokaci, domin a can ƙarshen zangon rediyon akwai magidanci da matarsa ke wata tara, yana lissafin ko ranar naƙuda nan kusa zai kai ta, ko kuwa sai ya tanadi kuɗin mota zuwa babban asibitin Gaya.